Tamostat mai wayo ta mutu ko tana ɗaukewa: tambayoyi da amsoshi kan wuta da wayoyi

Duk wanda ya baro gida ya zauna a Amurka ko Kanada, hunturun farko ne ke sanar da shi darajar 'yar na'urar nan da ke manne a bangon falo. Ita ce tamostat, mai ba injin ɗumama gida da na sanyaya shi umarnin tashi da tsayawa. A da 'yar aba ce mai maɓalli biyu. Tun da Nest ta fito a 2011, aka shiga yayin masu fuska mai haske da Wi-Fi, irin su ecobee ta birnin Toronto da Honeywell Home. Aikina gyaran waɗannan injina ne, kuma da sanyi ya kankama 'yan'uwa kan yi ta kirana da magana guda: "Malam, abar nan ta mutu." Sau da yawa lafiyarta ƙalau, wuta ce ba ta iso mata ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Ban ga ta da filogi ba. Daga ina take samun wuta?

Daga injin ɗumamar. A cikinsa akwai ƙaramar taransifoma da ke karɓar wutar gida, bolt 120 ko 240, ta mayar da ita bolt 24. Wannan 'yar wutar ce ke bin siraran wayoyi ta cikin bango har zuwa falo. Batirin da ke cikin wasu na'urorin guzuri ne kawai, ba zai riƙe ta kwana da kwanaki ba. Saboda haka duk abin da ya yanke wa injin da ke ɗakin ƙasa ko saman silin wuta, ita ma ya kashe ta. Idan ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare, domin ka san cewa ba a falo ake fara bincike ba.

Fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Ta ina zan fara?

Sauka wajen injin. Ka fara da akwatin bireka na gida, ka duba ko ta injin ɗumamar ta faɗi. Wani lokaci bireka kan tsaya a tsakiya, a ido kamar tana kunne. Kashe ta gaba ɗaya sannan ka mayar.

Daga nan ka nemi makunnin da ke jikin injin ko a bango kusa da shi. Kamarsa ɗaya da na fitila, shi ya sa yara da baƙi ke kashe shi ba da saninsu ba, musamman idan yana bakin matakala.

Na uku shi ne murfin injin. A bayansa akwai wani ɗan maɓalli da murfin ke dannewa. Da an buɗe, wuta ta yanke, don kada fanka ta kama hannun mutum ko ta ja hayaƙi cikin gida. Wani dare cikin Janairu wani ɗan'uwa Badamagare ya kira ni, yaransa uku suna falo cikin rigunan sanyi da safa bibbiyu, uwargida tana ta ɗora shayi. Har ya yi odar sabuwar na'ura. Da na sauka ɗakin ƙasa na haska tocila, sai na ga leɓen murfin na ƙasa bai shiga raminsa ba, ya ɗan turo kamar faɗin yatsa. Da rana ya canja matacin iska. Na ɗaga murfin na zaunar da shi, maɓallin ya yi ƙas, kafin mu hau sama fuskar na'urar ta kawo haske.

Idan duk waɗannan lafiya, saura fiyus da makunnin ruwa. Kowanne yana da tambayarsa a gaba.

Mene ne ma'anar haruffan da ke bayanta?

R ita ce mai kawo wutar bolt 24, galibi ja ce. W ta ɗumama, fara. Y ta kwamfiresan sanyaya, rawaya. G ta fanka, koriya. C ita ce hanyar komawar wuta, sau da yawa shuɗiya ko baƙa. O/B ta gidajen da ke da famfon zafi ce, wato injin da shi kaɗai ke sanyaya gida da bazara ya juya ya ɗumama shi da hunturu. Idan ka ga Y2 ko W2, mataki na biyu ne na sanyi ko na zafi.

Amma ina roƙonka, kada ka yarda da launi. Babu dokar da ta tilasta wa wanda ya ja wayoyin gidan shekara talatin da suka wuce bin wannan tsari, kuma na sha ganin shuɗiya a kan Y. Harafin da waya ke ɗaure a kai, shi ne sunanta. Kafin ka kwance tsohuwar na'ura ka ɗauki hotonta da salula yadda haruffan za su fito sarai, ka sauka ka ɗauki na fanel ɗin injin shi ma, wato allon cikinsa da ɗaya bakin wayoyin ke ɗaure a kai, sannan ka manna wa kowace waya 'yar takarda. Ka naɗe wayoyin a jikin fensir kada su sulale cikin ramin bango.

Kowa sai maganar wayar C yake yi. Dole ne sai da ita?

Nan ne gindin yawancin matsalolin, don haka bari in ɗan tsaya.

Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Tsohuwar tamostat makunni ce kawai: idan gida ya yi sanyi ta haɗa R da W, injin ya tashi, idan ya yi ɗumi ta raba su. Ba ta cin komai, don haka ba ta bukatar hanyar komawa. Shi ya sa gidaje da yawa wayoyi huɗu kacal suke da su, wasu ma biyu. Ita kuwa sabuwar 'yar kwamfuta ce, tana da fuska da Wi-Fi da na'urar jin motsi, ba ta barci dare da rana. Tana son wuta ta shigo ta R ta koma ta wata hanya da ba za ta tayar da injin ba. Wannan hanyar ita ce C. C ba ta kawo wuta. Mayar da ita take yi ga taransifoma.

Nest ta yi suna ne da dabarar aiki ba tare da C ba. Takan riƙa tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ta cikin wayar Y ko W, daidai yadda injin ba zai ɗauka umarni ne aka ba shi ba, tana cika batirinta. A gidaje da yawa dabarar tana ci shekara da shekaru. A wasu kuwa fanel ɗin injin yana da saurin ji, sai ya ɗauki tsotson a matsayin kira. Alamominsa sanannu ne: injin ya tashi ya mutu cikin daƙiƙu, ka ji ƙas-ƙas ko gunji daga ɗakin ƙasa, fanka ta ƙi tsayawa, Wi-Fi ya riƙa yankewa, na'urar ta riƙa rubuta cewa ta jinkirta aiki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin da take zaɓa ta gaza. Ran da sanyi ya fi tsanani, injin yana ta aiki ba hutu, na'urar ba ta samun sararin cika batiri yadda ya kamata, sai ta mutu a daren da aka fi bukatarta.

Ra'ayina a fili yake: ko da kwalin ya ce za ta yi aiki ba C, ka sama mata C. Gidan da ke da injin ɗumama kaɗai, ko na sanyaya kaɗai, ko famfon zafi, ko wanda aka raba shi shiyya-shiyya, wannan ba ma zancen zaɓi ba ne. Ita ecobee tun farko ba ta yin tsotson. Ko C, ko abin da zai maye gurbinta.

To ni ba ni da ita. Sai na fasa bango?

Da wuya ya kai ga haka. Fara da jawo kebul ɗin a hankali daga ramin bango ka duba. Sau da yawa mai aikin farko ya ja kebul mai waya biyar, ya yi amfani da huɗu, ya naɗe ta biyar a baya. Idan ka same ta, ka kashe bireka, ka fere bakinta kamar santimita ɗaya, ka sa ta a C a falo, sannan ka sauka ka ɗaura ɗaya bakin a C na fanel. Wannan mataki na biyun ne mutane ke mantawa. Idan ka tarar da wata waya a kan C ɗin fanel, ta injin sanyaya da ke waje ce. Kada ka cire ta, su zauna tare a ƙarƙashin noti ɗaya.

Idan babu rarar waya, akwai ɗan akwatin da ake ɗaurawa a jikin fanel ya sa wayoyi huɗu su yi aikin biyar. Na ecobee sunansa Power Extender Kit, kuma yakan zo cikin kwalin yawancin samfuranta. Na Google, kamfanin da ya mallaki Nest, sunansa Nest Power Connector, ana sayensa daban. Suna aiki sosai idan aka bi zanen da ke takardarsu sau da ƙafa.

Wasu kan mayar da wayar G ta zama C, su haɗa Y da G da guntuwar waya a fanel don fanka ta riƙa tashi tare da sanyi. Yana yi, amma ka rasa ikon kunna fanka ita kaɗai, kuma bai dace da injin ɗumama na lantarki ko famfon zafi ba, domin su suna bukatar G wajen ɗumama. Akwai kuma taransifomar bolt 24 ta soket, wadda ke barin waya tana reto a bango. Ga mai gidan kansa da ya samu hali, babu kamar jan sabon kebul mai waya takwas, a huta har gaba. Ɗan haya kuwa ya nemi izinin mai gida kafin ya taɓa fanel.

Ina cikin haɗawa na ga ɗan tartsatsi, yanzu komai ya mutu. Na ƙona injin ne?

Mai yiwuwa fiyus ne kawai, kuma aikinsa ke nan, ya mutu a madadin taransifoma. R ta taɓa C ko ƙarfe alhali wuta tana kunne. A kan fanel za ka ga ɗan fiyus irin na mota, mai ƙafa biyu, ko dai mai lamba 3 launin shunayya ko mai lamba 5 ruwan ƙasa. Zare shi ka ɗaga a haske. Idan zaren cikinsa ya tsinke, shi ne. Kowane shagon kayan mota yana da shi.

Ka sa mai lamba daidai da wanda ka cire. Dabarar nan da muka saba gani a gida, ta naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbin fiyus, kada ka kawo ta nan. Abin da zai ƙone a gaba taransifoma ce ko fanel ɗin kansa, kuma kuɗinsa ya ninka na fiyus sau ɗari ko fiye.

Na canja fiyus, ya sake ƙonewa.

Ka lura da lokacin da yake ƙonewa, shi zai nuna maka ɓarawon. Idan nan take ne da ka mayar da wuta, wayoyi sun haɗu a wani wuri tsakanin fanel da falo, ko gashin wata waya ya taɓa maƙwabciyarta a bayan na'urar. Idan sai ka kunna sanyi ne, to layin Y ne. Fita waje ka bi siririyar wayar da ke shiga injin da ke tsakar gida. Ɓeraye suna gaigayarta, injin yankan ciyawa yana sare ta, rana tana cinye robarta. Idan wayar lafiya take, sai a zargi kwantakta, wato makunnin cikin injin da ke tayar da kwamfiresa, kuma wannan na mai gyara ne, domin akwai bolt 240 a wurin, da kafasita mai riƙe wuta ko bayan an kashe bireka.

Da hunturu lafiya lau, amma da bazara sai ta riƙa mutuwa tana dawowa.

Ruwa ne. Injin sanyaya yana tatse laima daga iska, ruwan ya bi farin bututun roba ya fita. Da daɗewa gansakuka da majina-majina kan toshe bututun, ruwa ya taru, wani ɗan makunni mai tasowa a kan ruwa ya yanke wuta don kada silin ya jiƙe. A gidaje da yawa R yake yankewa, sai na'urar ta mutu gaba ɗaya. Bayan awa ɗaya ko biyu ruwan ya tsiyaye, ta dawo kamar ba abin da ya faru. Mazauna Texas da Florida da Georgia sun fi kowa sanin wannan. Duba tiren da ke ƙarƙashin injin. Idan ka ga ruwa kwance, ka zuƙe bututun daga bakinsa na waje da injin shara mai shan ruwa. Kada ka cire makunnin don na'ura ta dawo, silin ɗinka yake tsaro.

Tana sake tashi daga farko a tsakiyar ɗumama.

Duba matacin iska. Idan ya toshe da ƙura, iska ba ta wucewa, cikin injin ya yi zafi fiye da ƙima, makunnin kariya ya yanke. A wasu injina wannan yana ɗauke wutar R na ɗan lokaci. Canja matacin, ka buɗe ƙofofin iskar da aka rufe ko aka danne da kujera da kafet. Idan bai daina ba, a kira ma'aikaci.

Na sa sanyi, zafi ke fitowa.

Famfon zafi gare ka, kuma saitin O/B ya juye. Yawancin kamfanoni suna ba bawul ɗin da ke juya injin tsakanin sanyi da zafi wuta ne lokacin sanyaya, wato O. Rheem da Ruud kuwa lokacin ɗumama, wato B. A cikin saitin na'urar ake gyara shi, ba sai an taɓa waya ba. Sai dai a kula: a wasu tsofaffin na'urori, musamman na Trane, harafin B yana nufin C ne. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa na ce a ɗauki hoton fanel.

Idan kuma ka kunna sanyi ka ji shiru, ka ba ta minti biyar. Jinkirin da gangan ne, don kare kwamfiresa.

Tsohuwar tana da guntuwar waya tsakanin Rc da Rh. In mayar da ita?

A'a, Nest da ecobee ba sa bukatarta. Rc ita ce R ta sanyaya, Rh kuma R ta ɗumama. Idan R ɗaya ce gare ka, a ecobee ka sa ta a Rc. Idan kuwa wayoyi biyu ne daban suka fito daga bango, ɗaya Rc ɗaya Rh, to taransifoma biyu ke gidan, misali tukunyar ruwan zafi da injin sanyaya daban. Kada ka haɗa su, kuma C ta fito daga ɓangaren sanyaya.

Ta rubuta E74. Me take nufi? Yaya zan auna wutar da kaina?

A Nest, E74 na nufin babu wuta a Rh, E73 kuma babu a Rc. Duka biyun suna mayar da kai ga bireka, murfi, fiyus da makunnin ruwa. A tsofaffin samfuran Nest Learning, shiga Settings, sannan Technical Info, sannan Power, ka duba batiri. Idan ya sauka ƙasa da bolt 3.6 takan kashe Wi-Fi don ta tsira da sauran. Ana iya zare ta daga bango a yi mata caji ta ramin USB da ke bayanta, amma wannan ba magani ba ne, jinkirta ciwo ne. Samfurin 2020 kuwa batiri biyu ƙanana na AAA yake ɗauka.

Ba kullum laifin waya ba ne. A Janairun 2016 wani kuskure a manhajar Nest ya zuƙe batiran na'urori da dama, mutane suka farka cikin gidaje masu sanyi. Amma irin wannan ba kasafai yake faruwa ba.

Mitar gwajin wuta mai araha ta isa. Juya ta kan wutar AC, ka ɗora tsinke ɗaya a R ɗaya a C. Daga 24 zuwa 28 lafiya ne. Idan ka samu wuta a fanel amma babu a falo, waya ta tsinke a hanya ko makunnin ruwa ya yanke. Idan babu ko a fanel, fiyus ne ko taransifoma. Ka tuna da an buɗe murfi wuta ta yanke, don haka sai an danne maɓallin nan kafin mita ta nuna komai, kuma a nan akwai wutar gida a kusa da hannunka. Wanda bai saba ba ya tsaya a awon falo.

Na buɗe na ga wayoyi biyu ko huɗu masu kauri, an murɗe su da hular roba.

Tsaya nan, mayar da murfin. Wannan wutar gida ce kai tsaye, bolt 120 ko 240, irin ta hitar da ke bin gindin bango, wadda ta yi yawa a Quebec da tsofaffin gidajen haya. Tana iya kisa, kuma za ta ƙone Nest ko ecobee nan take. Akwai na'urorin da aka yi domin ta, kamar Mysa da Sinopé, kuma mai lasisin aikin lantarki ya kamata ya ɗaura.

Haka idan ka ga haruffan A, B, C, D, ko lambobi 1, 2, 3, 4. Wannan injin yana magana da na'urarsa ne da yaren kamfaninsu, kamar Carrier Infinity, kuma C ɗin da ke wurin ba lallai ta zama wadda muke magana a kai ba.

Ni a Ingila nake. Duk wannan ya shafe ni?

Kaɗan ne. Can tukunyar gas ce ke dafa ruwa ya zagaya gida, kuma wayoyin tamostat sau da yawa bolt 230 ne. Shi ya sa Hive da tado da Nest ta Turai suke zuwa da akwati na biyu da ake ɗaurawa kusa da tukunyar. Wadda aka saya a Amurka ba za ta yi a can ba.

Zan iya kai wa Baba ɗaya Kano ko Yamai ya sa wa esinsa?

Kada ka yi asarar kuɗinka. Esin da ke gidajenmu, mai kai a bango da injin a waje, rimot yake ji, ba shi da R ko Y ko C da za a ɗaura wa komai, kuma wutarsa bolt 230 ce. Abin da ya dace da shi su ne ƙananan na'urorin da ke kwaikwayon hasken rimot, irin su Sensibo da Cielo Breez, waɗanda ke cin wuta ta USB. Su ma sai da Wi-Fi mai ɗorewa, don haka a jona su da rauta a layin inbata, yadda ba za su riƙa mutuwa ba duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa janareta.

Dare ya yi, gida yana ta sanyi, mai gyara sai gobe. Me zan yi?

Idan ka adana tsohuwar tamostat, kuma ina shawartar kowa ya adana ta a durowa tare da hoton wayoyinta, ka kashe bireka ka mayar da ita, ka sa mata sabon batiri idan mai batiri ce. Muddin wutar bolt 24 tana isowa, za ta tayar da injin har gari ya waye. Idan ita ma ba ta tayar ba, ka tabbata matsalar tana ƙasa.

A irin wannan dare ku taru a ɗaki ɗaya, ku toshe ƙasan ƙofa da tawul, ku jona hitar lantarki kai tsaye a soket ɗin bango, nesa da labule da bargo. Ku bar famfo yana ɗiga, ku buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, don kada bututu ya daskare ya fashe. Gawayi a kasko, murhun gas a buɗe, ko janareta a gareji, ko kusa kada a yi. Gidajen nan a toshe suke ruf, ba kamar ɗakunanmu masu shan iska ba, kuma iskar gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi. A guguwar sanyin Texas ta Fabrairun 2021 ta hallaka mutane a cikin gidajensu. Idan na'urar gargaɗin gubar ta yi kuka, ko aka ji warin gas, ko mutanen gida suka fara ciwon kai da jiri a lokaci ɗaya, ku fita waje da yara tukuna, daga can ku kira 911.